Zan je Armeniya karon farko, yaro ya cika mini takarda da tsofaffin coci-coci: ina neman shawara

Magini na Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Ni magini ne, a unguwar Zariya nake nan Maraɗi. Sana'ar gado ce, mahaifina ya yi ta da tubali da azara, ni na same ta da bulo da siminti. Babban ɗana yana karatun likita a Yerevan, babban birnin Armeniya, kuma bana zai ƙare in Allah ya yarda. Ya matsa sai na je bikin ba da shahada a farkon damina. Takardar gayyata ta zo, biza ta fito, to tafiya ta tabbata. In ban da Saudiyya, ban taɓa yin nisa haka ba.

Ga abin da ya kawo ni. Yaron ya turo jerin wuraren da zai kai ni bayan biki, kuma kusan duka coci-coci ne da gidajen ruhubanawa a kan duwatsu: Echmiadzin, Geghard, Khor Virap, Noravank, Sevan, Tatev, Haghpat. Ya ce, "Baba, kai da ka san gini, in ba ka ga waɗannan ba, ba ka ga ƙasar ba." Hotunan da ya haɗo da su sun hana ni sakat. Dutse tsirara babu yaɓe, ƙubba tsaye shekara ɗari takwas, wata dubu, a ƙasar da ya ce ana girgizar ƙasa. Raina yana son in sa hannu a bangon nan in ga yadda aka ɗaure shi.

Amma uwargida ba ta yi na'am ba. Ta ce mutum ya je Makka ya dawo, sannan a ji yana yawon coci. Ni ma maganar ta tsaya mini. Shin ya halatta in shiga don kallon gini? In na shiga, me zan kiyaye don kada in saɓa wa addinina, kada kuma in ɓata wa masu wurin rai? Ina zan yi salla, me zan ci? Sannan gwiwata ta dama ba ta son hawa. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini wanne zan bari, wanne ne bai kamata ya wuce ni ba.

Injiniyan ruwa, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Allah ya sa wa karatun ƙanenmu albarka. Na je can horo kan aikin ruwa, na kuma zaga yawancin wuraren nan. Hukuncin shiga na bar wa malamai, ni abin da ido ya gani zan faɗa.

Jerin ya yi yawa. A taswira ƙasar ƙarama ce, ba ta kai murabba'in kilomita 30,000 ba, jihar Maraɗi kaɗai ta fi ta faɗi. Sai dai duk duwatsu ne, hanya tana ta murɗewa. Tatev yana kudu, kamar kilomita 250 daga Yerevan, Haghpat yana can arewa kusa da iyakar Jojiya. Wanda ya ce sai ya haɗa su duka, cikin mota zai ƙare ziyararsa.

In wuri ɗaya za a ba ka, ka ce Geghard. Kamar kilomita 40 ne gabas da birni, a ƙarshen kwazazzabon kogin Azat. Babban cocin da za ka fara tararwa an gina shi a 1215, dutse kan dutse. A gabansa akwai babban zaure da suke kira gavit, ginshiƙai huɗu riƙe da rufi, tsakiyar rufin kuma an yi masa adon nan mai hawa-hawa da ake gani a masallatan Iran da Turkiyya. Ka wuce ta ƙofofin bangon da ya jingina da tsauni. Can ba gini ba ne, sassaƙa ce. Dutsen suka rarake suka fitar da ɗakuna sukutum, da ginshiƙi da baka da ƙubba, babu mahaɗa ko ɗaya, don ba a ɗora komai a kan komai ba. Matar da ta yi mana jagora ta ce daga sama suka fara, ta ramin da haske ke shigowa yanzu, suna rarakewa suna sauka. Ka duba wannan, Baba. Kai in bulo ya karkace kana iya cirewa ka sake. Mai sassaƙa daga sama in ya cinye dutsen da ya kamata ya bar wa ginshiƙi, aikin ya tashi ke nan. Sai ɗakin ya kammala cikin kansa kafin guduma ta sauka. A ɗaya daga cikin ɗakunan akwai idon ruwa da ke fitowa daga dutse yana bin ƙasa, ka taka da hankali, akwai santsi da duhu. Akwai kuma wani ɗaki a sama, na 1288, inda murya ɗaya ke komawa kamar ta taro. Mota tana kai mutum kusa da ƙofa, ɗan hawan da ya rage kaɗan ne.

Batun yadda aka ɗaure bango: fuska biyu ce ta sassaƙaƙƙen dutse, ta waje da ta ciki, sai a cika tsakaninsu da tsakuwa da ɓaraguzan dutse da kwaɓin farar ƙasa. In ya bushe sai bangon ya zama abu guda. Yawancin dutsen na aman wuta ne mai sauƙin sara, akwai ja, akwai baƙi, akwai mai ruwan hoda, irin wanda aka gina tsakiyar Yerevan da shi. Tagogi ƴan sirara ne, bango kuwa mai kauri. Za ka ga wasu dogayen lunguna masu kusurwa uku da aka yanka a jikin bango ta waje. Ka dube su da idon magini, ka zo ka gaya mana aikinsu.

Ba duka suka tsira ba. A hanyar Geghard za ku bi ta Garni, wani ɗakin bautar zamanin kafin Kiristanci mai ginshiƙai irin na Rumawa. Girgizar ƙasa ta 1679 ta kayar da shi, sai tsakanin 1969 da 1975 aka tattara duwatsunsa aka sake tayar da shi, kuma ido yana rarrabe tsohon dutse da sabo. Zvartnots, kusa da filin jirgin sama, coci ne mai da'ira na ƙarni na 7, ya rushe tun ƙarni na 10. Ni kango ya fi koya mini gini a kan wanda ke tsaye, don a nan ne cikin bango yake a buɗe. A can ma aka sassaƙa surar maginan da kayan aikinsu a hannu, kaɗan daga ciki sun tsira. Yaro bai sa shi a jeri ba, ka ce ya sa. A hanyar Echmiadzin yake, fili ne shimfiɗaɗɗe.

Khor Virap ku yi sammako, kafin hazo ya rufe dutsen Ararat. Dutsen ya haura mita 5,100, yana cikin Turkiyya a yau, kuma iyakar a rufe take tun 1993. Daga bangon gidan ibadar kana hango shingen. Mutanen ƙasar suna ganinsa kullum daga tagoginsu, yana jikin tambarin ƙasarsu, amma ba su da hanyar zuwa kai tsaye. Noravank gaba yake a kan hanya guda, tsakanin jajayen duwatsu, ya cancanci zuwa. Tatev da Haghpat ni dai zan ce a bar su.

Salla: akwai masallaci ɗaya da ke aiki a Yerevan, Shuɗin Masallaci, a kan titin Mashtots, ginin wajen 1765, Iran ce ta gyara shi, ƴan Shi'a ke kula da shi. Harabarsa shiru, da itatuwa. Alƙibla a can kudu ce, ta ɗan karkata yamma, kada jiki ya ja ka gabas yadda aka saba. Agogonsu yana gaban namu da awa 3, kuma a lokacin da za ka je rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas na dare. Abinci: gasasshen namansu, khorovats, galibi alade ne, kada ka ci nama sai yaro ya tabbatar. Akwai gidajen abincin Iraniyawa da na mutanen Siriya da Labanan. Kifi, cuku, tumatir da burodinsu lavash, wanda ake mannawa a jikin tanderun ƙasa, sun ishe ka a hanya. Suna son miƙa wa baƙo giya don karramawa, ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya, ba su matsawa.

Malamin zaure, Bagalam:

Alhaji, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Damuwar Hajiya tana kan hanya, kuma tambayar da ka yi kafin ka tashi ita ce daidai.

A raba abu biyu: yin salla a coci, da shiga don dubawa. Na farko, Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta lissafa coci-coci cikin wuraren da aka hana salla a cikinsu. Wannan ya wadatar da kai, ƙasar Allah da faɗi, ka shimfiɗa dardumarka a waje. Na biyu kuwa malamai sun saɓa. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci saboda siffofin da ke ciki, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas yakan yi salla a coci in babu siffofi. Daga nan wasu suka karhanta shiga inda akwai hotuna, wasu suka halatta matuƙar ba ibadarsu aka je tayawa ba. Abin da nake gani game da kai: niyyarka duba aikin hannu ce da lura, to babu laifi, da sharaɗi. Kada ka kunna kyandir, kada ka rusuna wa wani abu, kada ka sha ruwan idon nan da nufin neman tabarruki. In an fara ibada ka fito haraba. Inda zuciyarka ta ƙi, ka tsaya waje, ai bangon da kake son gani ta waje ma yana nan.

Kada kuma ka shiga da raini. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya ambaci ɗakunan ruhubanawa da coci-coci tare da masallatai cikin wuraren da da an rushe su in ba don yana kare wasu mutane da wasu ba. Ka karanta wa Hajiya ayar da tafsirinta.

Za su ce maka a kan Ararat jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam, ya tsaya. Mu abin da ke gare mu, a Suratu Hud aya ta 44, Judi ne, kuma dutsen da ake kira da wannan suna yana kudu maso gabashin Turkiyya. Ka riƙe naka, ba sai ka yi musu da mai masaukinka ba. Batun ƙasaru: in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a Yerevan za ka cika salla a can, amma in kun fita tafiyar da ta kai kamar kilomita 80, ƙasaru ta dawo har ku komo.

Ma'aikaciyar jinya, hanyar Danja:

Sannu Baba Alhaji, barka da arziki. Ni Kirista ce, Bahaushiya, na je taron ma'aikatan lafiya a Yerevan aka kai mu Echmiadzin ranar Lahadi. Ko ni baƙuwa ce a wurin, domin sujadarsu daban take da tamu.

Armeniya ce ƙasar da ta fara karɓar Kiristanci a matsayin addinin sarauta, a 301 bisa lissafinsu, zamanin Sarki Tiridat na uku. Wanda ya jawo sarkin cikin addinin, Girigori, shi ne suka ce sarkin ya jefa a ramin Khor Virap shekara 13. Ba ƙarƙashin Fafaroma suke ba, suna da shugabansu, Katolikos, a Echmiadzin yake zaune, kamar kilomita 20 yamma da birni. Ba su amince da matsayar taron shugabannin coci da aka yi a Kalsidon a 451 ba, shi ya sa suke layi ɗaya da Kibɗawan Masar da cocin Habasha. Kirsimeti ma 6 ga Janairu suke yi.

Game da maganar Malam kan siffofi: tsofaffin gidajen ibadar kan duwatsu yawanci bango ne tsirara, sai hoton Maryamu da jariri a kan dakalin gaba, da labule da ake ja a wasu sassan sujada. Echmiadzin kam cike yake da zane a ciki, Noravank kuma akwai siffofi a saman ƙofa. Abin da za ka fi gani shi ne khachkar, allon dutse mai gicciye da aka kewaye da saƙa mai laushi ƙwarai. A maƙabartar Noratus kusa da tafkin Sevan akwai ɗaruruwansu a fili ɗaya.

Ladabin wurin: ba a cire takalmi, mata suna rufe kai, maza kuwa suna cire hula. Na san wannan zai yi wa dattijo nauyi, shi ya sa na faɗa tun yanzu. Kada a hau dakalin gaba. Za ka iya ganin an kawo rago ko zakara haraba. Matagh ke nan: a sa wa gishiri albarka a ba dabbar, a yanka, a dafa da ruwa da gishiri kawai, a raba wa mabuƙata da maƙwabta don godiya ko cika alkawari.

Wuri biyu nake roƙo ka ƙara, duka cikin birni. Na ɗaya Matenadaran, gidan littattafan rubutun hannu. A gabansa akwai mutum-mutumin Mesrop Mashtots, wanda ya ƙirƙiro musu haruffa 36 a shekarar 405, kuma da su suke rubutu har yau, da ƴan ƙari. Akwai littattafan Larabci da Farisanci a ciki. Akwai wani ƙaton littafin wa'azi na fata daga garin Mush mai nauyin kilo 28. A 1915 mata biyu masu gudun ceton rai suka raba shi biyu suka ɗauka. Ɗaya ta kai rabinta, ɗayar ta binne nata a harabar wani coci a Erzurum kafin ta rasu, daga baya aka tono shi aka haɗa. Na yi hawaye a gaban gilashin nan.

Na biyu, wurin tunawa da kisan 1915, a kan tudun Tsitsernakaberd, wanda aka buɗe a 1967. Armeniyawa suna cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka hallaka a ƙarƙashin daular Usmaniyya, ƙasashe da yawa sun kira shi kisan ƙare dangi, Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. Kusan kowane gida yana da labarin kaka. Ka san da wannan kafin ka zauna da iyayen abokan ɗanka. Ka san kuma cewa Larabawa Musulmi a Siriya sun ɓoye da yawa daga waɗanda suka tsira, Sharif Husaini na Makka ma ya fitar da takardar umarni a kare su, kuma akwai waɗanda ba su manta da hakan ba. Raunin bai warke ba, don ko a Satumban 2023 sama da mutum 100,000 sun baro Karabakh, yankin da suka yi rikici da Azarbaijan a kansa, sun shigo ƙasar.

Ɗan fatake, babbar kasuwa:

Alhaji, ni ban yarda da injiniya ba kan Tatev. Mai ciwon gwiwa ma shi ya fi dacewa da wurin, don ba hawa za ka yi ba. Akwai ɗaki mai rataye a igiyar ƙarfe da aka buɗe a 2010, yana ƙetare kwazazzabon Vorotan, tsawon kilomita 5.7 cikin minti 12 ko kusa. Gidan ibadar na ƙarni na 9 ne, a bakin gaɓa, an yi jami'a a cikinsa a ƙarni na 14 da na 15. A tsakar gidan akwai ginshiƙi mai tsawon mita 8, Gavazan, wanda aka yi shi yadda zai karkata ya dawo in ƙasa ta motsa. Girgizar 1931 ta kayar da ƙubbar babban cocin, shi yana tsaye. Magini ya je ƙasar bai gan shi ba? Ku kwana a Goris, garin da ke kusa, kada ku yi zuwa da dawowa rana guda.

In za ku Sevan daga Noravank, ku bi ta mashigin Selim. A can sama, wajen mita 2,400, akwai zangon fatake na 1332 da sarakunan Orbeliyan suka gina da baƙin dutse. Ƙofa ɗaya, rufi mai ramukan haske, kwamin dabbobi a jere, rubutun Farisanci da na Armeniyanci a mashiga. Ba coci ba ne, Hajiya ba ta da ta cewa. Ka riƙe rigar sanyi ko da Yerevan na zafi. Kuɗi kuma ka canza sefa zuwa yuro tun daga gida, can ka mayar da su dram, kuɗin ƙasar.

Magini na Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah gafarta Malam, na karanta wa Hajiya amsarka, ta ce in dai da sharuɗɗan nan ta yarda. Malama, maganar hula ta yi mini amfani, na yanke zan cire inda na shiga, tunda ladabin gidan mutane ne ba ibada ba, sai in Malam ya ga akasin haka. Gidan littattafai da tudun tunawa duka na sa su. Haghpat na cire. Tatev zan bar wa yaro ya duba kuɗin kwana. Saura tambaya ɗaya ga injiniya: ramin nan na Khor Virap, mai gwiwa irin tawa zai iya sauka?

Injiniyan ruwa, Ali Ɗan Sofo:

A'a Baba, kada ka gwada. Zurfinsa kamar mita 6 ne, tsanin ƙarfe ne a miƙe ta wata ƴar ƙofa da mutum ɗaya ke wucewa da ƙyar, ƙasan kuma zafi da ƙarancin iska. Ƙanenmu ya sauka ya ɗauko maka hoton rufin, don shi ma ƙubba ce. Sevanavank, wato gidan ibadar Sevan, ma matakala ce mai yawa daga bakin ruwa, in gwiwa ta ƙi ku wuce Hayravank, wani gidan ibadar ne a gefen tafkin, mota na isa kusa. Ka kuma tambaye shi ranar Vardavar ta bana, yawanci cikin Yuli take faɗowa. Ranar kowa yana watsa wa kowa ruwa a titi, babba da yaro, ba a ware baƙo. In ta same ka a can, ka sa fasfo da waya cikin leda kafin ka fita.